Firij Ba Ya Hutu

Litinin, daga ɗakin malamai

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti da yara, da lif-lif ɗin hawa bene da kake gyarawa. Allah ya sa kullum su sauko da kai lafiya.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Ka san gidanmu, ɗaki biyu da falo, in ka yi atishawa a banɗaki daga kicin za a amsa maka. Duk lokacin da ka kira, Inna tana gefena tana min ido, ni kuma in ce maka lafiya lau. Saƙo ma ba dama, kullum wayata tana hannunta tana kallon hotunan jikokinta. To wata uku ke nan ina yi maka ƙarya. In za ka amsa, ka aiko ta adireshin makaranta.

Ka tuna minti ɗayan Baba? Kowace safiya kafin mu fita, mu da jakar makaranta, shi da akwatin kayan aikinsa, sai ya tsayar da mu a bakin ƙofa ya ɗaga yatsa ɗaya. Ba magana, ba motsi, ko tari ne sai ka haɗiye abinka. Ya karkata kai yana saurare. Shekara talatin yana gyaran wutar masaƙa, shi ne mai fita ƙarshe, kuma yakan ce duk abin da ke shan wuta yana da kuka, sai dai in kunnenka malalaci ne. Can sai ka ji ya ce, "Fanka, ɗakin yara." Ka ruga ka kashe, mu sake sabon minti daga farko. Abu ɗaya yake ƙyalewa. Yakan nuna kicin da haɓa ya ce, "Wannan ya yi ta kukansa, firij ba ya hutu."

Yaya, Baba ya manta da wannan maganar.

Tun bara da likita ya ce ciwon mantuwa ne, ka san abubuwa suna ta zubewa. Sunana ya tafi, Malama yake ce min, wai ni ce sabuwar 'yar haya. Amma dokokin wuta duk suna nan daram. Har yanzu yana goge ƙurar ƙwan fitila da tsumma. Har yanzu yana auna ruwan shayi da kofi kafin ya zuba a buta, don kada a tafasa wanda ba za a sha ba. In ina guga yana tsaye a kaina, sai na zo kan ƙananan kaya ya zare fulogi ya ce sauran zafin ya ishe su. Dokar firij kaɗai ta faɗi.

Yanzu kullum da hantsi, bayan na tafi makaranta, sai ya sa hula, ya ɗauki akwatinsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga yatsa. Ba abin da ke kuka a gidan sai firij. Sai ya je ya zare fulogi, ya kwaso komai ya jera a kan tebur, ya goge cikin tas, ya tokare ƙofar da tawul kamar yadda muke yi in za mu yi doguwar tafiya. Daga nan ya koma bakin ƙofa, ya rasa inda za shi, ya zauna a kujera da hularsa.

Da madara ce kawai ke lalacewa da ban rubuto maka ba. Allurar ciwon sugan Inna a cikin firij ɗin take, ta wata uku. Ina dawowa ƙarfe uku in tarar da kwalaben a kan tebur sun yi ɗumi, ka san yadda kicin ɗin nan yake da rana. Mai kantin magani ya ce zafi yana cinye ƙarfinta ba tare da ta canza kama ba, kana yi kana zaton magani kake yi. Na tambayi Inna ina take lokacin da ake wannan aiki, ta ce barci ke ɗaukarta bayan maganin safe.

Kai ne Injiniyan gidan, haka shi da kansa ya raɗa maka. Ka faɗa min yadda zan yi.

Ka gaida Anti, ka shafa min kan yara.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na sami wasiƙarki ranar Juma'a, na karanta ta sau biyu. Anti da yara suna amsawa.

Da farko, bai kamata ki ɓoye min wata uku ba. Amma wannan ya wuce.

Matsalar ba babba ba ce idan aka bi ta a tsanake. Ki sami baƙin tef irin na masu gyaran wuta, ki naɗe fulogin da soket ɗin gaba ɗaya. Sannan ki rubuta da manyan baƙaƙe a kan kwali, KADA A KASHE, ki manna a ƙofar firij. Baba mutum ne mai girmama rubutacciyar doka. Ki tuna a masaƙa ko shugaban wurin bai isa ya taɓa makunnin da aka rataya wa kwali ba, shi ya sha ba mu wannan labari.

Idan hakan bai yi ba, ki kira mai gyaran wuta ya mayar da soket ɗin bayan firij, can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Abin da bai gani ba, ba zai taɓa ba.

Allurar da ta yi ɗumi ki zubar, kada ki yi ƙwauro, zan aiko a sayi wata. Ki kuma roƙi Inna ta daure ta jinkirta barcinta zuwa azahar.

Na nemi hutu, an ce sai bayan an gama sa sabbin lif a bene na biyu. Mu uku ne kawai, ɗaya kuma ya karye a hannu.

Ki kwantar da hankalinki. Ki gaida Baba da Inna, ko da ba za ki ce daga wasiƙa ba ne.

Yayanki

*

Laraba, lokacin hutun tara

Yaya Injiniya,

Sallama da gaisuwa. An gode da tsanaki.

Na naɗe fulogi da tef har ya koma kamar ƙafar da aka ɗaure wa karaya. Na rubuta kwali da jan biro, na ja layi biyu a ƙasa. Da na dawo, na tarar an warware tef ɗin a hankali, an naɗe shi a jikin fensir don kada ya lalace, an ajiye min a kan tebur kusa da kwalaben Inna. Kwalin kuma yana nan a manne. Na nuna masa na ce, "Baba, ba ka ga an ce kada a kashe ba?" Ya sa tabarau ya duba sama da ƙasa, ya ce, "Malama, ba sa hannu. Wa ya ba da umarnin?" Na sa hannu. Washegari ya ce bai san mai wannan hannun ba.

Na yi dariya, Yaya, har da riƙe ciki, sannan na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka.

Sai na kira mai gyaran wuta, wani dattijo mai haƙuri. Yana cikin aiki Baba ya fito ya tsaya a kansa, hannu a baya. Ka zo ka ga Babanka! Ya miƙe tsaye sosai, muryarsa ta dawo. Ya ce wayar ta yi siriri, ya ce a sake ɗaure ta ƙasa, ya karɓi testa ya gwada da kansa. Mutumin ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a ina ka koya?" Baba ya ba shi labarin masaƙa na rabin awa, sunan kowane inji, ba tuntuɓe ko ɗaya. Rabon da in ga ya ci abinci kamar na ranar na manta. Da hannunsa ya taimaka aka ɓoye masa soket.

Kwana biyu muka samu. A rana ta uku na dawo na tarar gidan tsit. Firij a buɗe, tawul a ƙofa, kwalabe a tebur. Na leƙa baya, fulogi yana nan a maƙale. Ka gane? Ka ce abin da bai gani ba ba zai taɓa ba. Baba ba da ido yake aiki ba, mun manta ne ni da kai. Ya ji kuka, ya nemi fulogi ya rasa, sai ya yi abin da duk mai gyaran wuta zai yi, ya tafi akwatin wuta na bayan ƙofa ya sauke babban makunni. Yanzu ba firij kaɗai ba, har fankar ɗakin Inna. Na same ta tana kwance ta jiƙe sharkaf da gumi, wai ita ta zaci ɗauke wuta aka yi.

Na gwada kai allurar gidan maƙwabciya. Matar kirki ce, amma aikin asibiti take, mako ɗaya safe mako ɗaya yamma, ƙofarta a kulle lokacin da Inna ke buƙata. Na gwada sa allurar a kula mai ƙanƙara, kafin azahar ƙanƙarar ta zama ruwa, shi kuma in ya ga kular sai ya zubar ya wanke ya kife. Na nemi mai zama da su, ta yi kwana huɗu ta gudu, don ya hana ta cajin waya, ya kuma ce ta yi shiru minti ɗaya sau goma sha biyu.

Sugan Inna yana hawa. Da safe in na auna, lambar ba ta yi min kyau. Ita kuma sai ta ce na'urar ce ta tsufa.

Ba zan iya barin aiki ba, ka sani. Ƙararrawa ta buga, yara na jira.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na ga saƙonki, kuma na amsa laifina, ban yi tunanin kunnensa ba.

Saura hanya ɗaya. Akwatin wutar yana da 'yar kafa a murfinsa. Ki sayi kwaɗo ƙarami mai ƙarfi ki kulle. Makulli ɗaya a jakarki, ɗaya ki ba Inna ta ɓoye saboda gaggawa. Zai nema kwana biyu ko uku, daga nan ya saba. Na tambayi wani abokin aikina da mahaifiyarsa ta yi irin wannan ciwon, ya ce suna sabawa.

Auta, bari in faɗa miki wani abu da ban faɗa wa Anti ba. Ginin da nake aiki hawa ashirin ne. Ranar Asabar ba kowa a ciki, amma fitilu a kunne, na'urar sanyaya ɗaki tana ta hura kujeru. Makon jiya na shiga hawa na sha huɗu duba lif, na tsinci kaina a tsaye a bakin ƙofa, yatsana a sama. Kuka ta ko'ina, ban ma san ta ina zan fara ba. Na kashe fitilun wani dogon ofis, mai gadi ya biyo ni ya ce ba aikina ba ne, ya sake kunnawa. Wutar da ake ƙonawa a wannan hawa ɗaya a yini, Baba bai tara kamarta ba a shekara talatin na bin mu ɗaki ɗaki. Na zauna a matakala na daɗe.

Na san kwaɗo ba abu ne mai daɗi ba. Amma ran Inna ake magana. Ki daure.

Hutun har yanzu shiru.

Yayanki

*

Lahadi, a kan teburin kicin, sun kwanta hutun rana

Yaya,

Ina gaisuwa. Na sa kwaɗon. Yau kwana tara.

Firij yana aiki, allura da sanyinta. In wannan kake son ji, to ka ji, kana iya ninke takardar a nan.

Jiya Asabar ina gida, na ga abin da idona. Da hantsi ya sa hula, ya ɗauki akwati, ya tsaya a bakin ƙofa, yatsa a sama. Ya ji. Ya shiga kicin ya zagaya firij, ya shafa bango, ya dawo wurin akwatin wuta ya tarar da kwaɗo. Ya ja, ya sake ja. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, sai babu komai, don na kwashe sukundireba da filaya tun ranar farko. Ya daɗe yana kallon cikin akwatin. Sannan ya koma bakin ƙofa ya sake ɗaga yatsa, ko Allah zai sa ya ji shiru.

Yaya, haka ya yi ta yi har azahar. Ƙofa, kicin, kwaɗo, ƙofa. Na ce ya zauna, ya ce, "Malama, ba a fita a bar abu yana ci." Na ce ai firij ne, firij ba ya hutu, kai ka koya mana. Ya dube ni kamar na yi wani yare. Na kawo abinci ya ce sai ya sallami aiki. Daga baya ya sa farce a gefen murfin yana ɓanɓara har farcen ya tsage, jini ya ɓata masa riga. Da nake ɗaure masa yatsan, wannan yatsan dai, sai ya rage murya ya ce min, "Don Allah ki gaya wa manya ba sakacina ba ne. An canza makulli ba a faɗa min ba."

Shekara saba'in da huɗu, yana ba ni haƙuri a cikin gidansa.

Abokin aikinka ya ce suna sabawa. Ka tambaye shi a kwana na nawa. Baba ya rame, wandonsa sai da na ƙara wa bel huda. Ya daina goge ƙwan fitila, ya daina auna ruwan shayi, duk hankalinsa yana kan wannan kuka ɗaya da ya gagare shi. Ni da nake jin kukan firij ɗin nan tun ina goye ban taɓa lura da shi ba, yanzu har a cikin aji ina jinsa.

Wani abu kuma da ya ɗaure min kai: allura tana cikin sanyi, amma lambar Inna ba ta sauka ba. Jiya ma ta fi ta makon jiya. Ƙishirwa take ji kullum, tana ta zaryar banɗaki. Ranar Alhamis zan roƙi izini in kai ta asibiti, ko tana so ko ba ta so.

Kada ka ce min in kwantar da hankali. Ban san inda zan kwantar da shi ba.

Auta

*

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da jikokina. Allah ya yi muku albarka. Ka yi haƙuri da rubutun, idona ba kamar da ba, kuma a kan gadon asibiti nake. Wata ma'aikaciya ce ta ba ni takarda, ita za ta saka min a akwatin gidan waya.

Kada ka tashi hankalinka, na farfaɗo. Faɗuwa na yi a kicin ranar Laraba, maƙwabciya ta ji. Sun ce kwana takwas za su riƙe ni.

Na san kuna rubuta wa juna. Na ga ambulan a jakar Auta, ni na haife ku. To ni ma ga tawa, don kada ka ɗora wa yarinyar nan laifi, kada kuma ka ɗora wa mahaifinku.

Ba barci nake yi ba. Ban taɓa yin barci da hantsi ba tunda nake. Ina zaune a bakin gado ina jinsa yana kwashe kaya yana gogewa. In ya gama ya koma bakin ƙofa ya ji shiru, sai ya ce, "Yawwa." Shekara arba'in da shida ina jin wannan yawwa kowace safiya. Yanzu bai san sunana ba, wani lokaci yakan tambaye ni ko na ga matarsa. Amma in ya ce yawwa, muryar mijina ce, ba ta canza ba.

Da kuka sa kwaɗo na daure kwana uku. A na huɗu ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina, hula a hannu, ya ce, "Baiwar Allah, ko kin san wanda ke riƙe da makulli?" Makullin yana ɗaure a bakin zanena. Kai da kake da ilimi, ka faɗa min abin da za ka ce masa.

Na ba shi. Kullum in Auta ta fita sai in ba shi, ya sauke wuta, ya kwashe, ya goge, ya ce yawwa, ya zauna ya ci abinci. Ƙarfe biyu in tashi in mayar da komai, in kunna, in kulle, kafin ta dawo kwalabe sun yi sanyi. Ranar da take gida ne kawai ba dama, shi ya sa ta ga abin da ta gani. Na san allurar tana mutuwa. Na ce ko rabin ƙarfinta ya rage zai riƙe ni. Ashe bai riƙe ba.

Likita ya yi min faɗa kamar 'yarsa. Auta ba ta yi min magana ba tun jiya, tana zuwa ta ajiye abinci ta juya. Tana da gaskiya. Amma ku kuna da aiki, kuna da 'ya'ya, kuna da gobe. Shi wannan minti ɗayan ne ya rage masa, ni kuma shi ne ya rage min.

Ban ce na yi daidai ba. In aka sallame ni ban san abin da zan yi ba in ya sake tsayawa a ƙofata. Gara in faɗa maka gaskiya.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Mahaifiyarka

*

Talata, a barandar asibiti

Yaya,

Gaisuwa. Inna ta ce ta rubuto maka, to ka san komai, ka hutar da ni.

Na yi fushi na kwana biyu. Ina ta shirya maganganun da zan faɗa mata, har da na cewa in ta mutu wa zai kula da shi. Da na shiga na ga ƙafafunta a ƙarƙashin bargo, ƙanana kamar na yarinya, sai na tambaye ta ko tana son ruwa.

Na karɓe makullin. Duka biyun suna wuyana a zare, har wanka da su nake yi. Shugabar makaranta ta ba ni mako ɗaya, ta ce daga nan sai dai in zaɓa. Da safe ina gida da Baba, da yamma maƙwabciya ta karɓe ni in zo nan.

Tun da aka kwantar da Inna bai tambaye ta ba ko sau ɗaya. Amma yana shiga ɗakinta ya tsaya, ya fito, ya sake shiga. Zagayensa yanzu ya zama huɗu: ƙofa, kicin, kwaɗo, ɗakin Inna. Jiya ya gaji ya zauna a ƙasa a gindin akwatin wuta, ya jingina kai da bango. Na zauna kusa da shi. Makullan suna taɓa min ƙirji, firij yana ta kukansa. Wallahi Yaya hannuna ya kai wuyana sau biyu. Yanzu ba allura a ciki, tana asibiti, ba abin da zai lalace. Amma na ce in na ba shi yau, ranar da Inna ta dawo fa? Sai in sake ƙwacewa, ya sake farawa daga farko? Na bar hannuna a cinya. Ban san ko tausayi ne ya hana ni ko rashinsa ba.

In na bar shi ya kashe, Inna ce. In na hana shi, shi ne. Kullum da hantsi sai na zaɓi ɗaya a cikin iyayena, kuma kowanne na zaɓa ina ganin ɗayan yana ƙarewa.

Jibi za a sallame ta. In kana da wata dabara, Injiniya, yanzu ne lokacinta.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa, a gurguje nake rubutu.

Na samo. Akwai wani ɗan ƙaramin firij da ake sawa a ɗakunan otal, ba shi da injin da ke kuka, ko ka kara kunne ba za ka ji komai ba. Wutar da yake sha kaɗan ce, Baba da kansa zai yaba. Na saya, na ba direban babbar mota, ya ce kwana goma zuwa sha biyu. Ki sa shi a cikin kabad ɗin Inna, mai gyaran wuta ya ja masa layinsa daban wanda bai bi ta babban makunni ba. Daga nan ki cire kwaɗo, ki mayar masa da kayan aikinsa. Ya kashe tsohon firij sau ɗari in yana so. Ya ce yawwa, Inna ta ji.

Me ya sa ban yi wannan tunanin tun wasiƙarki ta farko ba? Ina ta neman yadda za a hana shi, ban nemi yadda za a bar shi ba. Ku yafe min.

Ki riƙe kwana goma sha biyu kawai. An ce hutuna ƙarshen wata.

Yayanki

*

Asabar

Yaya,

Sallama. Kaya sun iso jiya, ba abin da ya fashe. An gode. Inna tana gida, lambarta ta sauka, tana gaishe ka.

Ban kira mai gyaran wuta ba.

Tun ranar Talata Baba bai sa hula ba. Yana zaune a kujerar bakin ƙofa, in an ba shi abinci ya ci, in an ce ya tashi ya tashi. Na ce ko gajiya ce. Yau da safe na cire kwaɗon a gabansa, na bar murfin a buɗe, na mayar masa da filaya da testa na ɗora masa akwatin a cinya. Ya riƙe shi kamar ajiyar wani.

Sai Inna ta tashi da sandarta. Ta kunna fankar falo, ta kunna ta ɗaki, ta kunna rediyo, ta kunna kowace fitila da rana tsaka, har ta banɗaki. Ta jona buta cike da ruwa har baki. Ta zo ta tsaya kusa da ni a bakin ƙofa, ta ce da ƙarfi, "To, mun shirya, za mu fita."

Muka yi shiru. Ni ce na ɗaga yatsa.

Mun fi minti ɗaya, Yaya. Buta ta tafasa ta yi ta tururi. Baba yana kallon taga.

Inna ta ce in bar su a kunne zuwa azahar, ko zai ji. Yanzu la'asar ta wuce, ban kashe ba, ta hana.

Firij ɗinka yana cikin kwalinsa. In ka zo ka faɗa min inda zan sa shi.

Auta